Gambar da Na Tuge a Gonar Baba Tsoho

Shekara shida ke nan da rasuwar kakana, Malam Hudu na wajen Garo, wanda mu jikoki muke kira Baba Tsoho. A gidanmu an ce manya ne ke rubuta irin wannan tunawa a jarida, ba yarinyar da ba ta gama sakandare ba. To, manyan namu sun shafe bana suna rigima a kan wani ɗan fili da ke gefen gonarsa, ba su sami sukunin riƙe biro ba. Ni kuwa na fi kowa cancantar magana a kan filin nan, domin ni na haifar da shi, da hannuna da fartanyar aro.

Duk hutun damina akan loda mu a bayan a-kori-kura daga Kano, jikoki goma sha huɗu, da tabarmi da kwanuka da jarkar zoɓo. Lokacin ana wahalar mai, saboda haka ba zan rantse cewa motar ce take kai mu ba. Daga Kabo zuwa gona dai mu muke kai ta, da turi. Yayyenmu masu jin Turanci suna kiran tafiyar fikinik. Baba Tsoho kuma da ya hango mu sai ya ɗaga murya ya ce wa maƙwabta su rufe rumbunansu, farin dango sun sauka.

Bai yi mana ƙazafi ba. Mukan zauna a gindin wata tsamiya da ke kusurwar gonar, mu ci dambu da kwaɗon rama, mu bi da dafaffiyar gyaɗa, mu gasa masara da tumu har sai cikinmu ya yi ƙara kamar ganga. Da farko akan yanka mana kaji biyu. Da aka shiga tsuke bakin aljihu sai suka koma zabuwa ɗaya, wadda kakarmu Iya take rabawa da irin ƙwarewar da ya kamata a ba ta lambar girma. Akwai shekarar da rabona ya zo, na ɗaga shi sama na hango rana ta cikinsa. Baba Tsoho ya ce in gode wa Allah, nama mai taga ba kowa ke samu ba.

Ni yakan kira ni amarya, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu mata, kuma kullum ƙorafinsa ɗaya ne: ya auri 'yar birni wadda ba ta iya komai ba sai ci. Wannan magana ta daɗe tana ci mini rai. Ran nan, ina da shekara tara, ya tafi sallar Juma'a tare da manyan maza, Iya kuma ta kishingiɗa barci ya ɗauke ta. Na duba na ga wata doguwar ciyawa ta ratso ta kusa da tsamiya, tana lanƙwasa kamar maciji, ba wanda ya nome ta. Na ce yau zan nuna wa tsohon nan ko wace ce ni. Na tara sauran jikoki, na raba musu fartanyoyi, na tsaya ina ba da umarni. Muka tuge ta tas, muka cike ramukan, muka daddaɓe ƙasa. Maza suka buga ƙwallo a wurin, sannan aka tsuge da ruwa ya shafe sauran alama.

Duk ɗan ƙauye ya riga ya gane abin da muka yi. Don amfanin 'yan birni irina: gamba ce, kuma ita ake dasawa a matsayin iyaka tsakanin gona da gona. Abin da muka tuge shi ne iyakar Baba Tsoho da maƙwabcinsa Malam Tanko, iyakar da ta girmi mahaifina.

Tare suka dawo daga masallaci, su biyu. Na tare su da murna ina jiran yabo. Baba Tsoho ya tsaya ya dubi wurin, ya yi salati, ya cire hula ya mayar. Iya ta farka ta fara tattara kwanuka, don a saninta rigimar iyaka takan kai mutane gaban alƙali, ta raba zumuncin shekara arba'in.

Rigima kuwa an yi ta, sai dai ba irin wadda Iya ta zata ba. Baba Tsoho ya shiga can cikin nasa ɓangaren ya ja layi da sanda, ya bar wa maƙwabcinsa tsamiyar da duk inuwarta.

"Ta nan ta bi, Malam Tanko."

"Haba Malam Hudu, tsufa ya fara taɓa ka," in ji Malam Tanko. Ya koma cikin tasa gonar ya ja nasa layin. "Ta nan ta bi. Tsamiya taka ce tun ina yaro."

"So kake ka rataya mini ƙasarka a wuya ranar ƙiyama? Ni da ko hula nauyi take yi mini?"

"Ni kuma raƙumi ne da za ka yi mini lodi? Ɗauki abinka!"

Dukansu sun tashi da karatun da malamai ke yi, cewa wanda ya ci ƙasar wani, ko da faɗin tafin hannu ce, da ita za a tashe shi a wuya. Kuma ba a baki kawai suka yarda da shi ba. Aka kira mai unguwa. Ya saurare su har la'asar, ya ce tun da aka naɗa shi bai taɓa ganin mutum biyu suna kumfar baki kowa na ƙin karɓar fili ba. Ya ci masara biyu ya yi tafiyarsa.

Ba a doke ni ba. Baba Tsoho ya ce ya sake ni saki ɗaya, ba zai mayar da ni ba sai na kawo masa goro. Washegari ya sa mu dasa sabuwar gamba a kan layinsa, Malam Tanko ma ya sa muka dasa a kan nasa. Tafukan hannuna suka yi kanta har ba na iya riƙe ludayi. Tsakanin layukan biyu aka sami fili mai faɗin taku ashirin da wani abu, da tsamiya a tsakiya, wanda ba na kowa ba. Nan ya zama wurin cin abincinmu, mu da jikokin Malam Tanko, kuma tsofaffin biyu sukan zauna kowa a bakin gambarsa, suna miƙa wa juna ƙwaryar fura ta saman kawunanmu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Shari'a ta zo, an raba mana kujeru a mota, kaset ɗin a-kori-kura ya daina kiɗa ya koma wa'azi. Yayyena da suka fi kowa rawa a bayan motar nan yanzu sun ɗage wando, kowa na shafa gemunsa mai gashi huɗu. Na tabbata Baba Tsoho zai yi murna, don mutum ne mai son addini. Amma na san shi. Zai gyara zama ya ce madalla, sannan ya tambaya ko an fara jin tsoron iyakar gona.

Amsar ba za ta yi masa daɗi ba. Bara Malam Tanko ya rasu. Ƙanin mahaifina, Baffa Sani, an sallame shi daga masaƙar da yake aiki a birni, ya kwaso iyalinsa ya dawo noma. Ɗanjuma, babban ɗan Malam Tanko, yana da bakuna goma sha biyu da yake ciyarwa, ga taki ya fi ƙarfin talaka. A irin wannan hali taku ashirin na ƙasa ba abin wasa ba ne, tuwon wata guda ne. Kowannensu ya sa ido a kan filin, kuma kowa da hujjarsa mai ƙarfi. Baffa ya ce Malam Tanko da bakinsa ya shaida filin namu ne. Ɗanjuma ya ce Malam Hudu da bakinsa ya shaida nasu ne. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Magana ta kai gaban dagaci, ya ce tunda masu gonar sun tafi, a nemo wanda ya tuge gambar asali ya nuna inda take.

Haka aka zo har makaranta aka ɗauke ni kamar wata babbar baƙuwa. A Kabo Baffa ya tsaya ya saya mini tsire, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni.

"Dije 'yar albarka," in ji shi, "ai kin tuna tsamiyar nan a ɓangarenmu take, ko?"

Bakina a cike yake, na gyaɗa kai yadda za a iya fassara shi ta kowace fuska. Da muka isa, matar Ɗanjuma ta tare ni da fura wadda nono ya fi gero yawa, tana ce mini 'yata ta kaina. Ita ma na shanye.

Dagaci ya miƙo mini sanda ya ce in bi layin. A gida ko cewa na yi ana ruwa sai an leƙa waje an tabbatar, amma ran nan dattawa sun fi ashirin suna jiran abin da zai fito daga bakina. Na dubi Baffa. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, kuma na san 'ya'yansa biyu suna zaune a gida ba makaranta. Da na ja sandar nan ta bayan tsamiya, shi ke nan, fili ya zama nasa, ba mai ƙaryata ni. Na yi taku uku. A na huɗu sai na ji wuyana ya yi nauyi, wallahi kamar an aza mini buhun gero. Gaskiyar ita ce ban tuna ba. Ranar da muka yi ɓarnar, rabin hankalina yana kan yabon da zan samu, rabi yana kan masarar da ke wuta.

"Ranka ya daɗe," na ce, "tugewa na sani. Inda take kam, ban riƙe ba."

Wani dattijo ya ce a ba ni lokaci in yi tunani. Na ce ko shekara aka ba ni, ƙarya kawai zan ƙara gyarawa. Dagaci ya yi murmushi, ya yanke cewa fili ya zauna yadda masu shi suka bar shi, kada kowa ya sa masa garma, tsamiya kuma in ta yi 'ya'ya a raba gida biyu.

Muka kamo hanyar komawa ni da Baffa har muka wuce Kabo. Can ya yi ajiyar zuciya ya ce ashe tsire ba ya gyara ƙwaƙwalwa. Muka ƙara tafiya kaɗan, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da tsohon yana nan, da sandar zai bi ni."

Baba Tsoho bai bar dukiya ba. Rigunansa an rabar, rediyonsa ya mutu, zabin Iya ma sun ƙare. Abin da ya bari shi ne wannan nauyin da ke sauka a wuyan mutum idan ya matso kusa da abin da ba nasa ba, kuma na gano ba ni kaɗai na gada ba. A hutun da ya wuce na je gonar na tarar Baffa yana huɗa. Da ya iso kusa da gamba sai ya juya shanu tun da sauran kunya guda, ya bar ta ba shuka. Na leƙa ɗaya ɓangaren, Ɗanjuma ma ya bar tasa. Filin da ba na kowa ba ya ƙara faɗi. In aka ci gaba a haka, jikokina za su sami wurin shimfiɗa tabarma har da na buga ƙwallo, sai dai masarar da za su gasa a kasuwa za su sayo ta.

Allah Ya jiƙan Malam Hudu da Malam Tanko, Ya yalwata musu makwanci, Ya tashe su da wuyansu sakayau.