Ranar da Ya Tashi a Gaban Ikilisiya

Ni ba mace ba ce da ake yi wa dole a gaban jama'a, duk wanda ya zauna da ni a Talatar Mafara ya sani. Amma ran wata Lahadi maigidana ya gwada.

An gama wa'azi, fasto ya ce ko akwai mai shaida. Sai ga tsohon nan nawa ya miƙe, yana dogara benci. Na zaci godiya zai yi kan ƙafarsa da ta yi sauƙi. Sai ya ce tun muna da ƙuruciya likita ya gaya masa rashin haihuwarmu daga gare shi ne, ya ɓoye, yau kuma yana neman gafarar Ubangiji da ta matarsa.

Majami'a ta ɗauki tafi. Tafi fa! Matan zumunta har da guɗa.

Ni kuwa ina zaune ina tuna hanyar garin Faru. Shi da kansa yake goya ni a babur zuwa wurin mai magani, ya tsaya gindin bishiya yana jira in shanye jiƙon saiwoyin nan masu ɗaci har in yi amai. A hanyar dawowa ya ce, "Sannu, daure, Allah zai duba." Uwarsa ta mutu tana kirana juya. Ƙannensa mata in sun zo Kirsimeti, su ɗauke jariransu daga cinyata kamar zan shafa musu wani abu. Yana gani, yana cin tuwonsa.

Fasto ya ce, "Mama, tashi ki ce kin yafe, mu yi addu'a."

Na tashi. Na ce, "Fasto, ɗana, kai aka shayar da saiwar, ko ni?"

Ya ce, "Mama, ai Yesu ya yafe mana."

Na ce, "Ya yafe, na sani tun ba a haife ka ba. Amma mutumin nan ɗaki ɗaya muke kwana. Me ya hana shi faɗa mini can, sai nan inda kunya za ta matse mini baki?"

Na gyara ɗankwalina na fita.

Da azahar ya same ni a tsakar gida ina ɓarar gyaɗa. Ya durƙusa da ƙyar. Ya ce tsoro ya ji, kada in tafi in bar shi.

Na ce, "Da ka tambaye ni. Wallahi da na zauna, kuma da kaina a sama. Ciwon ba laifinka ba ne, babu abin yafewa a ciki. Zaɓin da ka ƙwace mini, shi ne maganar."

Na ce ya je ya gaya wa ƙannensa da bakinsa. Ya hau mota ya je. Ƙaramar cikinsu ta bugo waya, ta ce, "Yaya, ai abin ya wuce, kun tsufa." Ko haƙuri ba ta ba ni ba.

Har yau ina yi masa kunu, ina gasa masa ƙafa. Ya tambaye ni ko na yafe, na ce ina roƙon Allah ya ba ni, bai ba ni ba tukuna, ba zan kuma yi ƙarya ba don hankalinsa ya kwanta. In an zo da jibin Ubangiji a majami'a, gurasar nan da ba a ci da riƙo a zuci, sai in miƙa farantin ga ta kusa da ni, in naɗe hannuna. Wannan ya fi komai yi mini zafi.