Agogo na Biyar a Motar Yaya Orval

Yayana Orval Dostal gyaran injunan girbi ya yi duk rayuwarsa a garinmu na Nebraska, tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Mutum ne mai shiru-shiru, ga taurin kai na bala'i. Ni ƙanwarsa Lorene ni kaɗai nake faɗa masa magana son raina ya ƙyale ni, ina kuwa faɗa.

Bayan matarsa ta rasu sai ya jawo gawar wata Ford ƙirar 1932 daga bayan rumbun wani manomi, kaji na ƙwai a cikinta. Ya cire mata rufi, ya sassauke ta ƙasa, ya dasa mata ƙaton inji, ya fesa mata baƙin fenti. Ni na ɗinka mata kujeru da jar fata, don ɗinki ne sana'ata. Mota ta tashi, in ya murza makulli har kwanukan maƙwabta rawa suke. Amma ko ƙofar gareji bai taɓa fitar da ita ba, saboda rami ɗaya.

A allon gaban direba ya huda ramuka biyar. Huɗu sun sami agogonsu: na gudu, na fetur, na baƙin mai, na batir. Dukansu 'yan gida ɗaya ne, tsofaffi, baƙar fuska da ta koɗe, gilashi mai tudu, allura mai ɗan jinjirin wata a gindi. Saura na zafin inji. Shi wannan aka yi shekaru ana nema.

Na ce, "Yaya, don girman Allah ka sayi sabo a kanti ka toshe ramin nan. Wa zai leƙa?"

Ya ce, "Kowa zai leƙa. Ke ba ki san mutanenmu ba? Kafin su dubi inji sai sun zura kai sun dubi allo."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi. Tsofaffin nan na taron motoci na bazara, ka kai musu mota kamar amarya, in agogo ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa sai su yi gyaran murya su wuce.

Duk inda aka ce ana cin kasuwar tsofaffin kayan mota, Yaya yana can da akori-kurarsa tun rana ba ta yi zafi ba. Yakan ciro agogon fetur ɗin ya cusa cikin safa ya sa a aljihu. In ya ga mai kama, sai ya zaro nasa ya jera su a tafin hannu, ya juya wajen haske, ya girgiza kai. Wannan baƙinsa ya yi sabo. Wancan lambobinsa sun yi ƙiba. 'Yan kasuwa har suna suka sa masa, Mai Safa.

Ana cikin haka idonsa ya fara lalacewa. Likita ya ce tsakiyar ganinsa ce take cinyewa, kuma ba ta dawowa. 'Yarsa Darla, da take aure a Omaha, ta tayar da hankali, kullum waya: a karɓe makullan Baba. Shi kuwa abu ɗaya ya sa a ransa, ya tuƙa motar nan da hannunsa zuwa taron bazara ko sau ɗaya ne kafin a hana shi sitiyari. Ni na tsaya masa. Na ce wa Darla, "Ke yarinya, mutumin da yake bambance baƙi da baƙi a fuskar agogo shi za ki ce ba ya gani? Ki bar min ɗan'uwa ya sha iska." Muka yi baram-baram, ta kashe waya tana kuka, ni ko a jikina.

Saura 'yan makonni taron, wata Asabar da yamma ya kira ni. Rabon da in ji muryarsa haka tun auren Darla.

"Auta, ajiye keken nan ki zo. Na same shi."

Na ɗauki kwanon kolachi, ɗan burodin nan mai zaƙi da na gasa da safe, na tafi. Na tarar da amininsa Gaylen a bakin gareji, wanda suka je kasuwar tare. Gaylen sarkin surutu ne, amma ran nan gaisuwa ma da ƙyar ya amsa. Ya ce matarsa na jiransa, ya ja ƙafa ya tafi, bai ko dubi kwanon hannuna ba. Na shige ciki.

Yaya yana zaune a kujerar direba, ya riga ya ɗaura agogon, yana goge shi da gefen rigarsa.

"Wani mutumin Iowa ne, a ƙasan akwatin tarkace. Ina ɗora yatsa a kan gilashin na san shi ne. Leƙo ki gani, ke da kika ce in sayi na kanti."

Na zura kai. Zoben bakinsa iri ɗaya ne da sauran, gilashin ma mai tudu. Amma fuskarsa koriya ce, koren motar soja, allurar kuma miƙaƙƙiya, babu wani jinjirin wata. Daga ƙofar gareji ma mutum zai gane. Yayana da ya mayar da agogo fiye da ɗari saboda kaurin lamba, shi ne yake shafa wannan yana murmushi.

Wallahi na so in yi ƙarya. Bakina har ya buɗe zai ce ya yi kyau, mu ci kolachi, ya je taronsa, tsofaffin can su yi gyaran muryarsu su gaji. Amma ba allon nake gani ba a lokacin, titi nake gani, da injin nan da ba ya jin rarrashi.

"Kin yi shiru," in ji shi. "Yau kuma bakin ya mutu?"

"Yaya, ba ɗan'uwansu ba ne."

Ya yi dariya. "Ke dai ba a burge ki."

"Ba wasa nake ba."

Ya daina gogewa. Ya matsa da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya karkata kai gefe yadda yake yi kwanan nan in zai dubi mutum, abin da na daɗe ina gani ina cewa tsufa ne kawai. Ya daɗe a haka.

"Lambobin ne?"

"Launin ne, Yaya. Kore ne."

"Kore mai duhu, ko?"

"Kore dai."

Ya jingina da kujerar da na ɗinka masa. Na jira ya yi faɗa, ya zagi mutumin Iowa, ya zage ni, da ya fi min sauƙi. Bai yi ba. Ya tambaya ko Gaylen ya gani, na ce ya gani. Ya gyaɗa kai.

Can ya ce, "Jiya na je sayen man birki da akori-kura. Ta gaban makarantar firamare na bi, daidai lokacin tashi." Ya shafa sitiyari. "Na ji hayaniyar yaran sosai, amma ban gan su ba."

Kuka ya taso min, ni da ban yi ba ko ranar da muka binne mahaifiyarmu.

Ya laluba allon ya zare makullin Ford ɗin. Ya sa hannu a aljihun wando ya ciro na akori-kura, ya haɗa su biyu ya miƙo, ɗan gefe da inda hannuna yake. Na matsar da hannun na karɓa.

Ya ce, "Ki kira Darla. Ki fara ba ta haƙuri tukuna."