Ranar da Allurar Labbo Ta Faɗi Gaskiya

Bari in tona wa kaina asiri tun wani bai riga ni ba: ni ne na gyara allurar motar Labbo. Ku da kunka shekara da shekaru kuna dariyar ranar raƙuma a Illela, to ga wawan da ya haɗa ta.

Labbo ɗan kawuna ne, ni ɗan mace, don haka tun muna yara ba ni da suna a bakinsa sai "bawana". Shekarar da anka ba mu mulkin kai ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura hannun wani Bature mai shirin komawa gida, ya raɗa mata suna Inna. Duk wanda ya taɓa shigarta ya san al'adarsa. Kafin ya tada ta sai ya ƙwanƙwasa gilashin allurar mai da farce sau uku, ya ce, "Maƙaryaciya, kin tashi lahiya?"

Maƙaryaciyar ce kuwa! A motar kowa, in allura ta kwanta dama tanki ya cika, in ta kwanta hagu mai ya ƙare. Ta Inna a juye take. In ka cika ta fal sai ta faɗi hagu kamar ta suma, in mai ya kusa ƙarewa sai ta miƙe dama tana taƙama. Kanikawa nawa sunka roƙe shi su gyara, ya ƙi. "Ƙaryatta guda ce, kuma na san ta. In kun taɓa ta, wa ya san wadda za ta koyo?"

Wata rana Alhaji Ɗan'ige na Araba, mai fataucin yadi, wanda ya je Ikko ya ga motoci, ya zauna gaba. Yana ganin allura kwance hagu ya ce a sayi mai. Labbo ya ce akwai. Alhaji ya rantse shi ba zai kwana daji ba, ya sauka Amarawa da ƙunshinsa. Labbo ya je Sakkwato ya dawo da la'asar, ya iske shi nan gindin itacen bedin da ya bar shi, yana jiran wata mota. Ya taka birki, ya leƙo. "Alhaji, hal yanzu man bai ƙare ba. A kai ka gida?"

Ga tsumulmula. In ya juye galan a tanki, sai ya bar shi kife a bakin, ya tafi ya yi alwala ya dawo, wai ɗigon ƙarshe shi ke kai mota gida. Labbo ba shi da babbar gona, ba shi da sarauta. Abin da yake da shi guda ne, kuma kullum sai ya faɗe shi a teburin mai shayi na tasha: Inna ba ta taɓa tsayawa a hanya don ƙishirwa ba. Wannan maganar ita ce rawaninsa.

Damina uku bayan haka kurkunu ya kwantar da shi, ya ba ni Inna in kai fatu Kwanni. Nan shaiɗan ya dafa ni. Na kai ta wurin Isuhu bakanike, ya buɗe tanki ya zaro wani abu kamar ludayi mai mariƙin waya, wanda ke yawo bisa mai. Ya ce tun farko a kife anka ɗaura shi. Kafin in gama cin goro ɗaya ya juya shi. Niyyata in bari sai Lahadi, ranar kasuwa, tasharmu ta Illela ta cika, in sanar, a yi wa Labbo dariya. Don murna na yi ta zaga Kwanni ina danna oda, har na dawo da Inna da ɗan abin da bai fi jiƙa ƙasan tanki ba.

Lahadi da safe Labbo ya fito yana ɗingishi. Ya ƙwanƙwasa gilashi sau uku, ya ga allura kwance hagu. Sai ya ɗaga murya: "Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. Bawana ya cika min tanki!"

Ya kama hannuna ya ɗaga sama. Ya saya mini shayi har da burodi, Labbo fa! Limamin Garu, wanda za mu kai Sakkwato, ya dafa kaina ya sa mini albarka. Ni da tunda aka haife ni ba a taɓa yabona gaban mutum uku ba, sai na fasa sanarwar da na shirya. Na haye baya cikin buhunan albasa ina roƙon Allah Ya sa wa man nan albarka kamar yadda anka sa mini.

Muna wuce Amarawa kaɗan Inna ta yi tari biyu ta yi shiru.

Labbo ya buɗe gaba. Ya goge fulogi, ya kankare kan batir, ya hura kafireta har idanunsa sunka yi ja. Liman ya ce ko a duba mai. "Allah gahwarta Malam, mai kam akwai shi, bawana ya cika." Sau huɗu yana faɗin haka, kowane sau ina ƙara nutsewa cikin albasa. Da azahar ta gota, Liman da kansa ya karyo kara a bakin gona ya zura a tanki. Ya fito a bushe ƙamas.

Kowa ya juyo kaina. Labbo ya karɓi karan ya sansana, ya daɗe yana kallon allura.

"Mi kuka kallonai?" in ji shi. "Shi bai ce ya cika ba. Ni nac ce."

Wasu Buzaye masu kai kanwa kasuwa su sunka cece mu. Anka ɗaura wa Inna igiya, raƙuma biyu sunka ja ta har tsakiyar Illela, daidai lokacin da kasuwa ta cika ta batse. Mahauta sun bar nama, masu awo sun bar mudu. Labbo kuwa yana zaune a miƙe riƙe da sitiyari, hula a karkace, har yana danna wa mutane oda su ba raƙuma hanya.

Tun daga ranar ya liƙe gilashin da guntun fata, ya koma auna mai da kara. In an tambaye shi sai ya ce allura ta tuba ba ta yi shawara da shi ba. A teburin mai shayi kuwa bai ƙara yin waccan maganar ba. Ni ma ban yi tawa ba.

Allah Ya jiƙan Labbo, Ya yafe masa, Ya sa hanyarsa ta miƙe ba tsayawa. Ni kuma Ya yafe mini shayin nan.

Kwana biyu kafin ya cika na je duba shi. Inna tana bayan gida ba taya, kaji na ƙwai a kujerarta. Ya riƙe hannuna, wanda ya taɓa ɗagawa a tasha, ya ce, "Bawana, Isuhu na Kwanni ya zo gaishe ni a makon raƙuman nan, yana tambaya ko aikinai ya yi kyau. Ya yi kyau ƙwarai. In kun haɗu ka hwaɗa mai."