Alkasum da Hancin Karsana

A duk Bazaga ban san wanda ya tsani majina kamar Alkasum ba. Dillalin awaki ne, kuma aljihunsa ba ya rabuwa da tsumma. Ranar kasuwar Illela, kafin akuya ta hau amalanke sai ya share mata hanci tas, domin mai saye na ganin majina zai ce ba ta da lafiya, ya wuce. Wannan kam gaskiyarsa ce. Matsalar ita ce ya ɗauki darasin akuya ya shafa wa duniya gaba ɗaya. Jikokinsa na hango tsumman nan suke watsewa. Malamar asibiti ta taɓa gaya masa cewa majina aiki take yi, ita ke tare datti da ƙwayoyin cuta kafin su kai huhu. Ya ce to ta yi aikinta daga ciki mana, wa ya ce ta leƙo waje?

Bara abokinsa Abdulaye, Bafillace makiyayi, ya ba shi habbanaye, wato aron karsana: ka riƙe ta har ta haihu, ka sha nono, maruƙa su zama naka, sannan ka mayar da uwar. Amma in mai ita ya ga tana wahala a hannunka, zai janye abarsa ya bar ka da kunya. Alkasum bai taɓa kiwon saniya ba, ya kuwa ƙwallafa rai a kan wannan, jikoki ma har sun fara mafarkin fura da nono. Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya: hancinta kullum a jiƙe yake, yana sheƙi.

Ranar da Abdulaye zai zo duba ta, Alkasum ya sa farar rigarsa, ya goge hancin karsanar, ya sake jiƙewa. Ya goge, ya sake jiƙewa. Da ya hango baƙo tafe, sai ya wawuro hodar matarsa Tabawa ya barbaɗa.

"Malam, hodar tawa kuma ta koma ta shanu?" in ji Tabawa.

Abdulaye bai ko ƙarasa gaisuwa ba, idonsa ya faɗa kan hanci busasshe, fari fat.

"Aboki, tun yaushe nagge ba ta lahiya? Hanci ya bushe haka, ai zazzaɓi na. Bari in tahi da ita ruga."

Ya duƙa ya fara kwance igiya. Wallahi na tausaya wa Alkasum.

Karsana dai ba ruwanta. Ta zura harshe a ƙofar hancin dama, ta zura a ta hagu, ta ja numfashi, ta saki atishawa a ƙirjin farar riga. Majina har wuya. Abdulaye ya dangwali hancin ya sansana, ya ji ƙamshin amare. Dariya ta zaunar da shi a ƙasa.

"Kai dillali! Saniya mai lahiya hancinta a jiƙe shike. Kwalliya ka yi mata?"

Ya share hawaye, ya mayar da igiya a turke, ya ɗaure.

Tabawa ta miƙo wa mijinta tsumma don ya goge riga. Alkasum ya dubi ƙirjinsa, ya dubi igiyar da ke turke, ya ture hannunta.

"Bar majinar nan, Tabawa. Sai kowa ya gani."

Haka ya raka baƙonsa har bayan gari, ta tsakiyar mutane, yana tura ƙirji gaba.