Jimlar da Na Cire daga Saƙon Shuka

Cikin duk kwanakin da na yi a aikin nan, akwai wata Laraba da ban taɓa mantawa da ita ba. Farkon damina ne, a shekara ta biyu da kafa kamfaninmu. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da doka cewa ba a taɓa saƙon manoma sai wanda ya rubuta shi ya amince. To ni ne sanadin dokar, kuma gara ku ji daga bakina.

A lokacin mu biyar ne kacal, a ɗaki biyu da muka kama haya a Gusau. Injiniya Bashir shi ya kafa kamfanin, shi ke rubuta manhaja, shi ke neman masu zuba jari. Malama Rukayya aikin gona ta karanta, ita ke duba hasashen yanayi ta mayar da shi shawara. Ni Nasiru jami'in fili ne: in shiga ƙauyuka in yi wa manoma rajista, in dawo in karanta saƙo da muryata. Sauran biyun ɗaya na kula da na'urori, ɗaya na amsa kira. Tsarin ba shi da wuya. Malama ta rubuta, Injiniya ya amince, ni in naɗa, sai na'ura ta kira wayar kowane manomi ta kunna masa. Ko ƙaramar waya mai madanni gare shi zai ji, ba sai ya iya karatu ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin aikin nan fiye da duk wanda na taɓa yi. Ba takardar da ke kwana a teburin wani oga. Ka kawo shawara da safe, kafin la'asar an gwada ta. A faranti ɗaya muke cin abinci da mai kamfanin. A daminarmu ta farko mun yi gargaɗin tsutsar masara da wuri, mutane suka yi feshi kafin ta yi ɓarna. Bayan nan na taɓa shiga mota a Bungudu, ina buɗe baki in tambayi kuɗin mota direban ya juyo ya ce, "Kai ne mai maganar waya?" Ya rantse ba zai karɓi komai a hannuna ba.

A 'Yankuzo akwai wani dattijo, Baba Maikano, shugaban ƙungiyar manoman unguwarsu. Ranar da na fara zuwa wurinsa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, shekara nawa wayar taka ta yi tana noma?" Bai yi rajista ba. Amma da maganar tsutsa ta tabbata, shi da kansa ya aiko a kira ni. Ya tara mutanensa a ƙofar gida, ya ce musu ya gwada yaran nan ya ga ba su ƙarya. Gida-gida ya bi da ni ina rubuta lambobi.

A shekara ta biyu wasu masu zuba jari suka ce za su zo daga Abuja su ga aikinmu. In sun gamsu kamfani ya ɗore, in ba su gamsu ba kowa ya kama gabansa. Abin da suka fi son gani shi ne ko manoma na sauraron saƙo har ƙarshe. Mu kuwa na'ura ta nuna mana cewa in saƙo ya wuce rabin minti da yawa kashe wayar suke yi. Saboda haka Injiniya ya kafa ƙa'ida: kada saƙo ya haura daƙiƙa talatin.

Ran Litinin aka yi ruwa mai ƙarfi daga Gusau har Tsafe. Ran Laraba da safe Malama Rukayya ta ajiye mini takardar saƙo, ta wuce Bungudu duba ma'aunin ruwan da muka kafa a can. Saƙon ya ce ƙasa ta jiƙa, ana iya fara shukar gero da dawa. Jimlar ƙarshe kuma ta ce: "Amma akwai alamar ruwa zai iya ɗaukewa na wasu kwanaki, don haka a shuka rabin iri, a riƙe rabi sai ruwa na biyu ya sauka."

Na karanta, ya kai daƙiƙa arba'in. Na ƙara sauri, har yanzu ya haura. Na leƙa wurin Injiniya na same shi yana waya da mutanen Abuja. Na ce saƙo ya yi tsawo. Ya rufe bakin wayar da hannu ya ce, "Rage shi, Nasiru, kai ne mai murya." Bai kalli takardar ba. Na kira Malama sau ɗaya, layi bai shiga ba, ban sake gwadawa ba. Na dubi jimlar ƙarshe na ga ita ce mafi tsawo, kuma a kunnena tana sa saƙon ya zama kamar ba mu da tabbas. Na ja mata layi da biro. Na naɗa cikin murya mai ƙarfi, na tura.

Washegari Malama ta shigo da wayarta a hannu, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Malam Nasiru, ina jimlar ƙarshe?"

Na ce lokaci ne bai isa ba.

"Ita ce saƙon ai. Sauran duk manomi ya san shi tun kafin a haife mu."

Ta wuce wurin Injiniya ta ce a tura gyara yanzu, kafin mutane su gama zuba iri. Injiniya ya ce baƙi gobe za su iso, in suka ga saƙo biyu masu karo da juna cikin kwana biyu za su ce ba mu san abin da muke yi ba. Ya juyo ya tambaye ni, ni da nake yawo a ƙauyuka, me na gani. A nan ne na yi kuskuren da ya fi na farko. Na san in an tura gyara kowa zai san ni na yi yankan. Sai na nuna taga na ce, "Malama, dubi hadarin nan. Ruwa ya zauna."

Ta dube ni, ta koma teburinta.

Baƙi suka zo ran Juma'a, suka ga yadda manoma suka saurari saƙon har ƙarshe, suka yaba. Muka sayo tsire muka yi murna. Hadarin da na nuna kuwa iska ta tafi da shi. Ruwa bai sake sauka ba sai da aka kusa mako uku. Shuka ta tsiro, ta yi ganye biyu, rana ta ƙone ta.

Wayar ofis ba ta huta ba. Wasu zagi, wasu tambaya kawai suke yi, yanzu me za su yi. Baba Maikano bai kira ba, kuma shirunsa ya fi damuna. Na hau mota zuwa Tsafe, daga nan na ɗauki mashin zuwa 'Yankuzo.

Ya karɓe ni kamar kullum, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi mutanen gida. Sannan ya ce mu taka gona. Muka tsaya a bakin kunya, ya tsuguna ya tsinko busasshen tsiro ya murza shi a tafin hannu. Ya ce dawar nan irin gida ce, tun ta mahaifinsa, kowace shekara shi ke zaɓen zangarniya ya rataye. Bana duka ya zuba.

"Na tona ƙasa ran nan," in ji shi. "Na ga laima ba ta yi nisa ba. Raina bai kwanta ba. Amma na ji muryarka babu ko ɗar, na ce yaran nan suna ganin abin da ba mu gani. Shi ya sa munka shuka."

Na gaya masa gaskiya. Na ce akwai gargaɗi a takardar, ni na cire shi don saƙo ya yi gajere. Ya karkaɗe tafin hannunsa ya miƙe.

"Da ka ce ba ka da tabbas, da na yi aiki da nawa sanin," ya ce. "Iri ana samu, ƙanena zai aiko mini daga Tsafe. Amma mutanen nan ni na ce su saurare ka. Yanzu in na tara su kan maganar taki ko rijiya, da wane baki zan yi?"

Bai ɗaga murya ba. Ya raka ni har inda mai mashin ke jira, ya ce in cire lambarsa daga na'urar, ya yi mini addu'ar sauka lafiya.

Mutanensa sun sake shuka a makare, abin da aka girbe a unguwar bai kai na bara ba. A ƙarshen daminar Baba Maikano ya sauka daga shugabancin ƙungiya da kansa. Malama Rukayya ta tsaya har aka gama girbi, ta tsara duk takardunta yadda wani zai iya ɗorawa, ta ajiye aiki. Na je ba ta haƙuri ranar da za ta tafi. Ta ce ta yafe yankan tun ranar, don kowa na iya kuskure cikin gaggawa. Game da abin da na faɗa a gaban Injiniya kuwa ba ta ce komai ba, ni ma ban iya tambaya ba.

Kamfani ya samu jarin. Da shi aka ɗauke ku aiki, da shi muka koma wannan ofishin. Ni da Injiniya muka zauna muka soke ƙa'idar daƙiƙa talatin, muka rubuta dokar da kuka tarar.

Abin da na koya shi ne, a ƙaramin kamfani irin namu ba wanda zai tare kuskurenka a hanya. Saurin da ke sa aikin daɗi, shi ne ke kai kuskure gonar mutum kafin azahar. Kuma manomi ba jahili ba ne da ke jiran waya ta gaya masa abin yi, yana da saninsa, yana ajiye shi ne kawai don ya yarda da kai. In ba ku da tabbas, ku faɗa masa haka. In kun yi kuskure ran Laraba, ku gyara ran Alhamis ko da baƙi na bakin ƙofa. Na sha komawa 'Yankuzo tun daga lokacin. Baba Maikano yana amsa gaisuwata da fara'a, yana tambayar iyalina, amma bai sake ba ni lambarsa ba.