Akwatunan Duwatsu a Mahjar

Mahaifina maginin rijiya ne, a hannunsa na koyi haƙa. Amma a Jidda rijiya ba ta ciyar da mutum, ruwanta zartsi ne, don haka na koma haƙar masai da harsashin gini. A Nuzla, wata unguwa a Jidda, aka haife ni. Iyayena sun zo aikin hajji daga ƙasar Hausa ba su koma ba, kuma har na kai shekara talatin ba ni da iƙama, takardar izinin zama.

A shekarun da kuɗin mai ya fara canza garin, wani direba maƙwabcinmu ya ce mini akwai Bature da ke neman mai haƙa wanda ba ya garaje. Baturen dattijo ne dogo, mai tari, kowa na ce masa Duktur. Larabcinsa a karye yake amma ana fahimta. Ya ba ni cokalin magina ya ce in tone gindin bango ya gani. Ya tsaya yana kallo, sannan ya ce, "Halas, shi ke nan. Jibi za mu tafi."

Muka hau duwatsun da ke kudu da Ɗa'ifa. Inda mota ta gaza muka ɗora kaya a jakuna. Ni da na tashi a bakin teku ban taɓa sanin iska na iya yi wa mutum kaɗan ba. Taku goma sai in tsaya ina haki, kaina na sarawa. Gajimare na wucewa ta ƙasanmu. Da safe yatsuna ba sa lanƙwasuwa sai na gasa su a wuta.

A bakin wani kogo muka yi wata biyu da 'yan kwanaki. Duktur ya ja zare ya raba ƙasa gida-gida, ya hana ni taɓa diga. Da cokali da burushi nake kankara, ana tankaɗe ƙasar a rariya. Aikin da zan gama kafin azahar sai ya ci mako.

Wata rana na gaji na tambaye shi, "Duktur, me muke nema ne? Zinari?"

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce abokan karatunsa sun tafi a kan cewa mutanen farko ba su zauna a irin wannan tsayi ba, sanyi da ƙarancin iska sun tsare su a kwari. Shi bai yarda ba, kuma shekarunsa sun ƙare yana neman shaida.

Da muka kai zurfin gaba guda da wani abu, ƙasar ta canza a ƙarƙashin cokalina. Mai rijiya ya san wannan tun kafin ido ya gani. Ta yi laushi, ta yi baƙi. Toka ce. A cikinta akwai gawayi, da ƙonannun ƙasusuwa, da wani dutse da ya zauna a tafin hannuna daidai, gefe ɗaya an fasa shi ya yi kaifi. Na kira Duktur. Ya durƙusa ya jujjuya dutsen a hannunsa. Sannan ya ce, "Wani ya zauna inda kake zaune ya hura wuta. Sanyin da kake ji, shi ma ya ji."

Kowane dutse muka ɗauko sai an sa shi a jaka da 'yar takarda mai nuna gidan da ya fito da zurfinsa. Akwati goma sha ɗaya muka sauko da su Jidda, aka ajiye a ɗakin wani fili a unguwar Mahjar, na wani ɗan kasuwa da ya san Duktur. Ba a ba Duktur izinin fita da su daga ƙasar ba, sai an kammala wasu takardu. Ranar da zai tafi ya miƙo mini makulli.

"Ka kula da 'yan takardun cikin jakunkunan nan fiye da duwatsun," in ji shi. "Dutsen da ba a san inda ya fito ba tsakuwa ne kawai. Baɗi zan dawo."

Baɗi ta zo bai dawo ba. Duk Juma'a bayan masallaci nakan je in buɗe ɗakin, in share, in kori kyankyasai. Innata, wadda idonta ya fara mutuwa a lokacin, takan ce, "Kai ɗan nan, mutane na gadin dukiya, kai kana gadin duwatsu?" Nakan ce amana ce, Inna.

A shekara ta biyu direban nan ya tare ni a hanya ya ce ya ji Duktur ya rasu a ƙasarsu, ciwon ƙirji. Ban san kowa nasa ba. Ko cikakken sunansa ban iya faɗa ba.

A hunturun wannan shekarar aka yi ruwan sama irin na Jidda, wanda kan zo sau ɗaya ya cinye unguwa. Ina can ina fama da ɗakinmu, ina ɗauke Inna zuwa gidan maƙwabta. Sai bayan kwana uku na isa Mahjar. Ruwa ya kai gwiwa a ɗakin ya janye. Akwatunan ƙasa sun kumbura sun fashe, na sama sun rufto a kansu. Na shanya takardun ɗaya bayan ɗaya a rana, na danne su da duwatsun. Tawadar ta narke. Wasu sun zama kamar kunu a hannuna. Gawayin da Duktur ya ce shi zai faɗi shekarun wurin ya koma baƙin laka.

Akwati biyu ne suka tsira da rubutunsu. Na sa a raina in kai su ofishin da ke kula da kayan tarihi. Na sa farar rigata na je har ƙofa. Mai gadi ya dube ni ya ce, "Iƙama?" Na ce na manto ta a gida. Ya ce, "Wane ne kafilinka, mai tsaya maka?" Na juya na tafi, ina jin idonsa a bayana har na sha kwana. Ban sake komawa ba. Da an kama ni, Inna ba ta da mai ba ta ruwa.

Bayan 'yan watanni mai filin ya aiko a ce mini zai gina bene a wurin. Mutumin kirki ne, har mako guda ya ba ni in kwashe abin da nake so. To ina zan kai? Ɗakinmu ɗaya ne, ni da Inna ma da ƙyar ya ishe mu. Na roƙi mutum uku a Nuzla su ara mini wuri, kowa ya ji duwatsu ne sai ya ɗauka wasa nake.

Ni aka ɗauka aikin haƙa harsashin ginin, don aiki ya yi mini wuya a lokacin, ban iya cewa a'a ba. Ranar cikon ƙasa shugaban leburori ya nuna akwatunan ya ce, "Yalla, maza ku zuba waɗannan ma, sun rage mana tafiya." Muka ɗauka mu biyu-biyu muka juye a rami, har da biyun da suka tsira. Aka kwarara siminti kafin la'asar.

Kogon ma ba zan iya kai kowa ba. A bayan mota na je, ban riƙe hanya ba, direban da ya kai mu kuma, maƙwabcin nan namu, an mayar da shi ƙasarsu Sudan tun da daɗewa. Inna ta rasu a shekarar da aka gama benen. Yanzu shagon taya ne a ƙasansa.