Waken Mama Opal

Mahaifiyata Opal Sizemore ba ta taɓa sayen waken gwangwani ba, kuma duk wanda ya zauna da ita a ƙauyenmu na duwatsun Kentucky a Amurka sai ya ji wannan labari. Kowane rani takan cusa koren wake a kwalabe, ta rufe, ta jera su a bahon wanki, ta tafasa a tsakar gida yadda uwarta ta yi. Tukunyar matsin tururi da na saya mata kuwa, furanni ta shuka a ciki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi bayani har bakina ya gaji. Akwai wata ƙwayar cuta a ƙasar gona da ke shiga ɓawo ta yi barci kamar iri, shekaru ba ci ba sha. Tafasasshen ruwa ba ya kashe ta, sai zafin tukunyar matsin tururi. In aka rufe ta a kwalba, babu iska, ga romon wake, sai ta ji abinci ta farka, ta hayayyafa, ta zuba dafin da sau da yawa ba ya wari.

"To, Darlene likita," in ji Mama. "Da wannan waken na raine ki, ga ki nan ƙatuwa kina min wa'azi."

Abin haushin, tana da 'yar gaskiya. A da takan dafa waken rabin yini da nama kafin a ci, wutar kuma na lalata dafin. Amma tun da Baba ya rasu ta daina girki. Ƙanena Lonnie, mai taimakon da ba a nema ba, ya kawo mata na'urar ɗumama abinci. Yanzu ɗumi kawai take ba shi ta ci.

Wata Asabar ta buɗe kwalba, murfin bai yi mata ba, ta watsa wa kajinta. Washegari na tarar da su kwance, wuyansu ya saki. Mama na tsaye a kansu.

"Mama, da cikinki ya shiga fa?"

"Ai na ji. Kwashe kwalaben."

Na kwashe kwalaben duka na binne a bayan rumbu, ina murna na yi nasara. Da na koma wanke hannu sai na hangi guda a bayan buhun fulawa.

"Wannan noman babanki ne na ƙarshe," ta ce. "Ba na ci ba ne, na kallo ne. Ki taɓa ki gani."

Na yi faɗa, na yi roƙo, har kuka na yi don takaici. Kwalbar tana nan. Na san uwata, ba ta taɓa barin abinci ya lalace ba, sanyi kuma na tafe, lokacin da ake buɗe kwalabe. Kullum da safe nakan buga mata waya, ta yi ta zagin Lonnie da maƙwabta. Ni ba zancen nake bi ba, saurara nake in ji ko harshenta ya yi nauyi, don yana cikin alamun farko na dafin.